Gashin Bakin Barden Sama

Duk wanda ya taɓa shiga shagon littattafan nan na bakin titi ranar Asabar da yamma ya san Tunfarko. In bai gan shi ba, ya ji shi. Shi ne mai zama a kujera mai hannu can ciki, bayan kantar mujallun zane, ya miƙe ƙafafu ya tare hanya yana murza gashin baki. Sunan ma bakinsa ne ya jawo masa. Ba a isa a ambaci Barden Sama, jarumin mujallar zane mai tashi sama da jar alkyabba, ba tare da ya ɗaga yatsa ya ce, "Ni fa tun farko nake karanta shi" ba. Da masu karatu suka fara taruwa a shagon, shi ya naɗa kansa shugaba. Babu wanda ya zaɓe shi, babu kuma wanda ya iya raba shi da kujerar.

Gashin bakin kuwa na Barde ne, aro ya yi. Shekara da shekaru yana renonsa, yana shafa masa mai, yana lanƙwasa gefe da gefe su kalli sama yadda na jarumin yake a bangon mujalla. Matarsa takan ce da yaran gidan sun samu rabin kulawar da gashin nan ke samu, da tuni sun zo na ɗaya a makaranta.

Ana nan sai kamfanin da ke buga mujallar ya ce ya rufe tsohon labari, zai sake Barde daga tushe. Ranar da sabon zubin ya iso, shago ya cika. Mai Shago ya yanke igiyar kwali ya zaro na sama, sai wuri ya yi tsit.

Babu gashin baki. Fuskar jarumi sumul kamar dafaffen ƙwan da aka ɓare. Babu alkyabba, sai wata 'yar riga mai zif. Da aka buɗe ciki abin ya fi muni: sabon Barde ɗakin haya yake zaune, aikinsa kai wa mutane saƙo a kan babur, ga tsoron bisa. Ranar da ya fara tashi sama, amai ya yi a kan rufin wani banki.

"Innalillahi," in ji Mai Aski, aminin Tunfarko tun suna samari. "Wannan ai yaron da ke kawo mini tukunyar gas ne."

Wani dattijo ya ce an cuce su. Wani ya ce zai kai ƙara, bai dai san ina ba. Wata ta ce ita takalmin ne ya fi ba ta haushi. Tunfarko ya karɓi kwafi ɗaya. Ya riƙe mujallar da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera, yana jira kowa ya gama ya juyo gare shi.

Sai Nas ta ɗago kai daga shafi na tsakiya. Daga asibiti ta biyo, ko farar rigarta ba ta cire ba. Ta ce, "Ni kam ya yi mini."

Tunfarko ya ce, "Me kika ce?"

"Na ce ya yi mini, Shugaba. Karo na farko ke nan da na ga jarumi ya sha duka ya tashi yana ɗingishi. Na da, bene zai faɗo masa a ka, shafi na gaba ka gan shi yana murza gashin baki. Ko filasta ba a taɓa manna masa ba."

"Filasta! Jama'a ku ji. Barden Sama da filasta!" Ya maƙe murya ya langaɓe wuya. "'Wayyo Inna, na ji tsoro, ginin ya yi tsawo.' Wannan ne jarumi? Ke yaushe kika fara karatun ma? Ni tun farko..."

"Mun sani," in ji mutum uku a tare.

"Waɗanda suka zana wannan ba su san Barde ba. Ni na san shi. Na san abin da zai faɗa tun kafin ya buɗe baki. Wallahi da hannun hagu zan zana wanda ya fi wannan shirmen."

Nas ta ce, "To zana mana."

Ba da gaske take ba. Amma idanu sun riga sun taru a kansa, shi kuwa Tunfarko in idanu suka taru a kansa bakinsa ba ya shawara da shi. Ya miƙe tsaye har kujerar ta yi ƙara.

"Ranar da fitowa ta biyu ta wannan abin kunyar za ta iso, ni ma zan kawo tawa. Barden Sama na Gaskiya. A ajiye su gefe da gefe, a ɗaga hannu. In aka zaɓi nasu," ya kama gashin bakinsa da hannu biyu, "a aske wannan a nan, a gaban kowa, na bar kujera."

Mai Aski ya ce, "Mutumina, zauna ka sha ruwa."

"Kai za ka aske shi da hannunka! Ku shaida!"

Suka shaida. Mai Shago har ya ce a maimaita don bai ji sosai ba.

A hanyar gida Tunfarko ya sayi farar takarda dami guda, fensira, tawada, abin gogewa. Ya share teburin cin abinci ya ce daga yau ofis ne, kowa ya ci a ƙasa. Sai da ya zauna ya feƙe fensir sannan ya tuna da wani ƙaramin abu: rabonsa da zane tun ranar da malamin firamare ya ce ya zana kofi.

Ya zana Barde yana tashi sama. Matarsa ta zo wucewa da kwanon wanki, ta leƙa.

"Buta ce?"

"Wace irin buta? Hannunsa ne ya miƙa."

"Au. To wannan murfin fa?"

"Kansa ne!"

"Allah ya ba shi lafiya," ta ce, ta wuce.

Ya ce matsalar rashin samfuri ce, manyan masu zane sai sun kalli mutum. Ya ciro jan labulen falo ya ɗaura a wuya, ya jingina madubi da bango, ya hau teburi ya kwanta rub da ciki, ya miƙa hannu gaba kamar mai tashi. Teburin ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ƙafa ɗaya ta ce ba da ita ba. Tunfarko ya sauka tare da tawada. Makwabciyar ƙasa ta hau da gudu tana tambayar ko firij ne ya faɗi. Ta tarar da magidanci a ƙasa, labule a wuya, rabin fuska baƙi ƙirin.

Matarsa ta ce, "Ba komai, Maman biyu. Tashi sama yake koyo."

A wurin aiki ma bai bar abin ba. Shagon kayan famfo yake tsaro, sai ya koma zane a bayan rasit. Wani mai gyaran famfo ya dawo a fusace, ya ce ya bi hoton da aka zana masa a bayan takarda ya haɗa bututu, ruwa ya cika gidan mutane. Tunfarko ya karɓa ya duba. Barde ne yake kokawa da maciji.

Lokaci na tafiya, kwandon shara na cika. Jiki dai ya fara samuwa, in an rufe shi da alkyabba daga wuya har ƙafa. Fuska ce ta gagara. Duk wadda ya zana sai ta fito kamar dankalin da aka taka.

Ran nan da hantsi, matarsa ta tafi kasuwa, wata takarda ta manne a gilashin taga a kan kalandar da ke rataye. Rana ta hasko ta baya, sai ga hoton kalandar ya fito ta cikin takardar tsaf. Tunfarko ya tsaya baki buɗe. Ya ɗauki fensir ya bi layin. Hanci ya fito hanci. Ido ya fito ido.

"Ashe sirrin ke nan," ya ce. "Ɓarayi! Haka suke yi suna cewa baiwa ce."

Saura fuskoki. Na tsohuwar mujalla ba za su yiwu ba, Nas za ta gane ta ce sata ya yi. Yana buƙatar mutane na gaske, da yawa, a tsaye da zaune, masu dariya da masu ɗaure fuska. Idonsa ya faɗa kan saman kabad, inda albam ɗin hotunan bikinsu yake cikin zani.

Ya sauke shi. Kai, arziki! Ga ango, siriri, gashin baki na sheƙi: Barde ke nan, ba sai an nema ba. Ga surukinsa, Baba, mahaifin matarsa, wanda bai yi murmushi ko a hoto ɗaya ba: Uban Ɓarna, shugaban miyagu, an gama. Ga Gwaggo, yayar Baba, wadda mai hoto bai taɓa samunta baki rufe ba don kullum tana tauna wani abu: Dodon Kududdufi. Ga Mai Aski, abokin ango, yana leƙowa ta bayan kowa: yaron mugu. Tunfarko ya ɓamɓaro hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya manna a taga, ya ɗora takarda, ya bi layi. In ya gama sai ya ƙara ƙaho, ko kunnen ɓera, ko fatar kada.

"Wa zai gane?" ya tambayi kansa. "Baba yana da ƙaho ne?"

Da ya zo kan shugaban 'yan sanda, mazan albam sun ƙare. Ya juya shafi ya juya, babu. Sai amarya. Ya yi jim, ya ɗora takarda, ya bi layi, ya ɗora mata hula da ƙaton gashin baki.

Kullum matarsa ta fita sai ya manne a taga, goshi a jikin gilashi, ido ɗaya a kanne, harshe a waje. Tagar kuwa tana kallon tagar kicin ɗin gidan da ke fuskantarsu. Ba a jima ba aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Direban babbar mota ne, mai gidan can, ya cika ƙofar da kafaɗu, makwabta na biye da shi.

"Malam, me kake leƙe a kicin ɗina?"

"Ni? Haske nake nema."

"Hasken yana wajen matata ne? Ta ce har harshe kake fito mata da shi."

"Subhanallahi! Aiki nake, aikin fasaha. Ba kowa zai gane ba."

"To ganar da ni, kafin in ganar da kai."

Dole Tunfarko ya ɗauko shafi ɗaya, wanda Barde ke tsaye shi kaɗai a kan gajimare. Direba ya juya takardar sama, ya juya ƙasa, ya dubi Tunfarko.

"To wannan ai kai ne."

"Mutane da yawa suna cewa muna kama," in ji Tunfarko, yana murza gashin baki.

"Ba kama ba, kai ne. Ga kunnenka nan mai kama da hannun kofi."

Makwabta suka miƙa wuya, kowa ya ce wallahi shi ne, lokacin bai yi tumbi ba. Mai hankali da a nan zai tsaya ya yi tunani. Tunfarko kuwa ya rufe ƙofa yana jin daɗi, ya ce ko jahilai sun ga jarumta a fuskarsa.

Da aka gama ya kai aka yi fotokwafi, aka maƙale, ya mayar da hotuna albam ya tura saman kabad. Sannan girman kai ya kawo masa shawara ta ƙarshe. Baba ya daɗe yana cewa bai taɓa ganin magidanci da 'ya'ya yana karatun yara ba. To bari ya zo ya ga suruki marubuci. Tunfarko ya je har gida, ya durƙusa, ya roƙe shi ya zama babban baƙo.

Baba ya dube shi ta saman tabarau. "Littafi ka rubuta? Kai?"

"Da zane, Baba."

"To. Za mu zo mu ga ikon Allah."

Za mu ɗin nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Ranar Asabar Baba ya iso da Gwaggo, da ƙannen matar Tunfarko, da wasu 'yan uwa da ba a gani sai biki ko rasuwa. Direba ya zo da matarsa. Maman biyu ta zo da biyunta. Mai Shago bai taɓa ganin taro haka ba, har ya aro benci. A kan teburi ga fitowa ta biyu ta sabon zubi a hagu, ga Barden Sama na Gaskiya a dama. Mai Aski ya ajiye jakar kayan aikinsa a ƙarƙashin benci, ya raɗa wa amininsa, "Don cika sharaɗi kawai na kawo. Hannuna naka ne."

Tunfarko ya yi jawabi. Ya ce yau za a ga bambancin wanda ya sani da wanda aka biya. Ya ce bai yi makarantar zane ba, abin a jini yake. Ya ce duk fuskar da za su gani daga ƙwaƙwalwarsa ta fito. Sannan ya miƙa wa Baba kwafi na farko da hannu biyu, aka raba wa sauran.

Shafi ya fara motsi. Nas ce ta fara magana.

"Shugaba, tambaya. Me ya sa Barde yake murmushi iri ɗaya a ko'ina? Nan an jefe shi da mota, yana murmushi. Nan gari na cin wuta, yana murmushi."

"Jarumi ba ya nuna damuwa."

"To wannan wuƙar da ya riƙe da hannu biyu yana kallon ƙasa, kamar mai yanka kek fa?"

"Makami ne."

"Nan kuma mugun ya dafa masa kafaɗa, sun jeru suna kallonmu."

"Shaƙe shi zai yi! Ki karanta maganar da ke sama mana!"

Wata ƙanwar matarsa ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki, ta zunguri ta kusa da ita. Ta kusa ta duba, ta dubi Baba, ta sake duba takarda, ta sunkuya ƙarƙashin benci kafaɗunta na rawa. Abin ya bi layi kamar wutar kara.

Baba bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya kai takardar kusa da hanci.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Wannan mai ƙahon, wane ne?"

"Uban Ɓarna ke nan, Baba. Ƙirƙira ce."

"Ƙirƙira. Shi ma Uban Ɓarnan hannun tabaransa na hagu da zare aka ɗaure?"

Tunfarko ya leƙa takardar. Ya bi layi da gaskiya, har zaren bai bari ba.

"Shi ma yana da tabo a gira? Shi ma agogonsa a hannun dama? Karanta mini abin da na ce a nan. Idona ba ya ganin ƙanana."

"Ba kai ba ne, Baba..."

"Karanta."

Nas ta ce bari ta taimaka. Ta gyara murya, ta kumbura kumatu, ta karanta da irin muryar Baba sak: "'Ha ha ha! Zan shanye ruwan garin nan kaf, in bar talakawa da ƙishi!'"

Shago ya fashe. Direba yana dukan benci. Baba ya ce, "Ni da likita ya ce in rage shan ruwa da yamma."

Sai aka ji kururuwa daga baya. Gwaggo ce ta iso shafinta. "Wannan kadan da 'yan kunnena! 'Yan kunnen da na sa ranar bikin! Me nake ci a nan? Me ya sa mini a baki?"

"Motar bas ce, Gwaggo," in ji wata ƙanwa, tana share hawaye.

"Bas! Ni da na yi wa bikin nan girki har bayana ya riƙe! Ɗan nema, ni ce mai cin bas?" Ta naɗe mujallar ta yi kansa, sai da mutum biyu suka riƙe ta.

Tunfarko ya waiga neman agaji wurin amininsa. Mai Aski yana juya shafi a hankali, fuskarsa ba annuri.

"Mutumina," ya ce, "wannan mai kunnen ɓeran. A shafi na uku an jefa shi kwata."

"Labari ne ya kawo haka."

"A na biyar an sake jefa shi kwata. A na takwas ma. Kwatar ma iri ɗaya. Ni na riƙe maka lema ranar nan fa. Ni na ara maka takalmi."

"Wallahi don fuskarka tana da sauƙin bi ne..."

"Sauƙin bi?" in ji Mai Shago. "Ba daga ƙwaƙwalwa suka fito ba?"

Direba ya ce, "Daga taga suka fito! Ni shaida ne!"

Duk wannan hayaniyar, matar Tunfarko idonta na kan nata kwafin. Ta duba daga farko har ƙarshe, ta dawo. Ta zo ta tsaya gabansa, murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ya fi tsoro.

"Baban yara. Kowa na ciki, har mai raba lemo. Ni ina nake?"

"Ke ai... na girmama ki, ban sa ki ba."

"Yaya, duba shafi na tara," in ji ƙanwarta. "Ɗan sandan nan mai sunkuyar da kai yana jin kunya. Ga lallen... ga zoben a yatsansa."

Ta duba. Shugaban 'yan sanda, hula a ka, gashin baki kamar tsintsiya, ido a ƙasa, yana murmushin amarya, yana cewa a kama ɓarayi. Ta daɗe tana kallo.

"Albam ɗina ka taɓa."

"Na mayar da komai yadda yake."

"Ka yi mini gashin baki."

"Muƙami ne babba fa, shugaban..."

"Mai Shago," ta ce ba tare da ta ɗauke ido daga kansa ba, "an ce ana ɗaga hannu. Wanda ba ɗan ƙungiya ba yana iya ɗagawa?"

Mai Shago ya ce yau kowa ɗan ƙungiya ne. Ya ɗaga sabon zubi sama. "Masu wannan?"

Hannuwa suka tashi kamar an kunna su. Dattijon da ya ce an cuce su ya ɗaga. Mai kai ƙara ya ɗaga. Baba, wanda bai san ko wane ne Barde ba, ya ɗaga har da sanda. Gwaggo ta ɗaga biyu. Mai Aski ya ɗaga ɗaya, ɗayan yana laluben jaka a ƙarƙashin benci.

"Masu na Shugaba?"

Hannu ɗaya ya tashi, na Tunfarko. Can sai na Nas ya biyo. Ya dube ta kamar zai yi kuka don godiya.

"A'a, tambaya ce," ta ce. "Yaushe na biyu zai fito? Ina da ƙanwa za ta yi aure, za mu ba ka albam."

Tunfarko ya fara ja da baya yana cewa rantsuwar ba ta ambaci rana ba, kuma a ƙa'ida sai an sake ƙirga, kuma dangi ba sa zaɓe. Bayansa ya ci karo da cikin Direba. Aka zaunar da shi a kujerar mai hannu, karo na ƙarshe. Mai Aski ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya fiye da yadda ake ɗaurewa.

Tunfarko ya ce, "Mutumina, a rage kawai. A ɗan daidaita."

"Kar ka motsa," in ji Mai Aski. "Mu masu kunnen ɓera hannunmu na rawa."

Injin ya yi ƙara. Gefen dama ya faɗo kan ƙyalle a lanƙwashe, yadda aka rene shi. Gwaggo ta ce a ba ta na hagun ta ajiye. Kafin a ce wani abu an gama. Aka kwance ƙyalle, Tunfarko ya shafa saman leɓensa, ya ji iska na taɓa wurin da ba ta taɓa ba tun yana saurayi.

Dariyar ta tsaya. Kowa ya zuba masa ido. Nas ta ɗauki sabon zubin a hankali, ta kara bangon kusa da kuncinsa. Fuska sumul, ido a firgice, leɓe na rawa kamar na wanda aka ɗora a kan dogon bene.

"La ilaha," in ji Mai Shago. "Sabon Barde!"

Wayoyi suka fito. Mai Shago ya ce don Allah ya ɗan riƙe mujallar a ƙirji, zai manna hoton a ƙofa. Wani ya ce a samo riga mai zif. Baba ya gyara tabarau ya duba bango, ya duba suruki, ya ce wannan kam an zana shi da kyau.

Tunfarko ya karɓi mujallar. Ya kai hannu zai murza gashin baki, yatsunsa suka kama iska. Ya dubi bangon, ya dubi taron da ya zuba masa ido, ya gyara zama, ya ɗaga yatsa.

"To ai ga shi kun gani da idonku," ya ce. "Ni suka kwaikwaya. Sai dai ko izinina ba su nema ba."

Matarsa ta ce, "Tashi daga kujerar mutane, Barde. Akwai teburi a gida yana jiran ƙafa."